Tabarma da Akwatin Littattafai a Ƙofar Atiku

Ranar da na kama aikin laburare, a ƙarshen shekarun 1970, abu na farko da babban ma'aikacinmu ya nuna mini shi ne allon da aka rataye a bakin ƙofa, wanda ke umartar duk mai shigowa ya yi shiru. Ni kuwa ɗan Ƙofar Atiku ne. Na tashi na tarar da karatu abu ne mai sauti: malam na zaune bisa buzu a zaure, ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara, na gefe su kasa kunne, mai wucewa da kaya a ka ya ɗan dakata ya ƙaru kafin ya kama gabansa. Tsakanin wancan allo da wannan zaure na yi rayuwar aikina duka, kuma duk taron jama'a da na taɓa shiryawa ya yi albarka, sai da na karkata wajen zauren.

Sakkwato ba ta jira Bature ya koya mata tara littattafai ba. Shehu Usmanu, da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce. Baturen nan Clapperton, a zuwansa na biyu cikin 1826, ya tarar da Bello yana duba littafin lissafin Iƙlidis na Larabci da aka kawo masa tsaraba. Amma abin da ya fi shafar sana'armu shi ne aikin Nana Asma'u. Ta lura cewa matar ƙauye ba za ta iya zuwa inda littafi yake ba, sai ta shirya yadda littafi zai je mata. Ta zaɓi dattijan mata amintattu, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle don a san an ba ta izini. Jaji ta taho da ayarin tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyensu, su zauna gaban Asma'u su haddace waƙoƙin da ta tsara kan tauhidi da tsarki da tarihi da zaman iyali, su koma su rera wa matan aure da ba sa fita. Su ne 'Yan Taru. Da ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba. Duk abin da aka koya mana daga baya a aji game da kai ilimi ga jama'a, akwai shi a nan: a nemi wanda mutane suka yarda da shi, a yi magana da harshensu, a zo lokacin da suke da sarari.

Laburare irin na kanta da kati ya shigo ta wata ƙofar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Turawa ta sa aka buɗe ɗakunan karatu a garuruwa ƙarƙashin En'e, musamman don mutane su riƙa samun labarin yaƙi yadda take so a ji shi. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ke shiryawa tun 1939, ita ce sarauniyar teburin. Tsofaffin da na tarar a aiki sun ba ni labarin yadda abin yake: ɗaki ɗaya, benci, tebur, kabad mai kwaɗo, da ma'aikaci guda wanda sau da yawa ya fi tsoron ɓatan littafi a kan rashin mai karanta shi, domin in littafi ya ɓata a albashinsa za a cire. Duk da haka jama'a sun mai da ɗakin nasu. Mai boko ɗaya ya ɗauki jarida ya ɗaga murya, mutum goma su kewaye shi.

A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, aka fara aika akwatunan littattafai zuwa makarantu da ɗakunan karatu na larduna, a karanta a mayar a kawo wasu. Shekarun nan ne kuma na Yaƙi da Jahilci. Hukumar NORLA a Zariya na buga ƙananan littattafai masu araha, kowane babban lardi da jaridarsa. Tamu ta Sakkwato ita ce Zaruma. Mahaifina ya shiga ajin manya a lokacin, kuma har ya rasu yana ajiye da takardar shaidarsa cikin gafaka tare da littattafan addini. A ganina ba a taɓa yin zamanin da littafin boko ya kusanci talakan Arewa kamar wannan ba, don an haɗa abu uku wuri guda: mai koyarwa, abin karantawa da Hausa, da taro.

Daga nan sai zamanin rahotanni. A 1963 wani masani daga Ostireliya, F. A. Sharr, ya zagaya Arewa ya rubuta abin da laburarenmu ke bukata, kuma shawararsa na cikin abin da ya kai ga buɗe sashen koyon aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968. An ƙirƙiro jihohi a 1967, aka raba kayan laburaren Kaduna, Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma. Aka sake rabo a 1976 da aka cire Neja, sai Kebbi a 1991, sai Zamfara a 1996. Kowane rabo da nasa kwashe littattafai da ma'aikata. Mun sami horo, mun iya jera littafi bisa lamba, mun iya rubuta kati. Abin da horon ya rage mana shi ne sauti. Muka zama masu gadin shiru, tsoho mai ajami ya leƙo ya ga ba wurinsa ba ne ya juya.

Na tuna wani taro da muka shirya don ƙarfafa karatu, cikin watan Afrilu, lokacin da ranar Sakkwato ke dafa ƙwai. Muka ɗauko hayar rumfa da kujeru, aka buga katin gayyata da Turanci, aka sa ƙarfe goma na safe. Babban baƙo bai iso ba sai da aka kusa kiran azahar. 'Yan makarantar da aka kwaso tun hantsi suna zaune cikin zufa, ba ruwa, wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi. Aka karanta jawabai huɗu, aka ɗauki hoto, aka watse, ba a buɗe littafi ko ɗaya ba. Ranar na koma gida zuciyata a ɓace, don na san yaran nan sun tafi da tunanin cewa laburare wurin wahala ne.

Bayan wannan ne na roƙi shugabana ya ba ni akwati ɗaya da littattafai talatin, in sa hannu duk wanda ya ɓata a wuyana. Na ɗaura shi a bayan keke na kawo unguwa. Ban fara da jama'a ba, na fara da mai unguwa, na durƙusa na gaishe shi na yi bayani. Ya saurara har na gama, ya ce: “Malam, in dai wanga abu karatu na, ga zaure nan. Amma ka faɗa ma Liman, shi ka sanar da mutane.” Liman ya sanar bayan sallar magariba. Muka tsayar da ranar Alhamis bayan la'asar, don makarantun allo na hutu, rana ta yi sanyi, masu kasuwa sun fara dawowa. Tabarma uku, randar ruwa da moɗa, shi ke nan kayan taron.

Da Magana Jari Ce na fara, don ban san littafin Hausa da ya kai shi daɗi a kunne ba. Nakan karanta labari ɗaya in tsaya daidai inda ya ɗau zafi, in ce wanda ke son sauran ga littafi, ya rubuta sunansa ya kawo ranar Alhamis. Mako na uku akwatin ya koma fanko. Daga baya muka shigo da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, muka ƙara kacici-kacici ga yara, wani lokaci mu gayyato malamin asibiti ya yi bayanin sanƙarau kafin zafi ya shigo, ko malamin gona gab da damina. Da azumi mukan dakata, don ba mai barin tafsiri ya zo wurinmu, kuma bai kamata ba. Mata kuwa sai da na koma ga dabarar Asma'u. Wata gwaggona da unguwa ke girmamawa ta buɗe tsakar gidanta, wata malamar firamare ta riƙa karantawa, ni iyakata bakin zaure in miƙa akwati. Da littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa daga shekarun 1980, abokan aikina da yawa sun ƙi a sa su a kanta. Ni na sa, bayan na karanta na tace, domin na ga matan da rabonsu da takarda tun firamare sun dawo karatu ta dalilinsu.

Wata Alhamis, bayan an watse, wani tsoho ya tsaya har na gama naɗe tabarma. Ya zaro gafaka daga cikin riga, fatar ta yi baƙi don daɗewa, ya kwance igiyar a hankali. Warƙoƙi ne na hannu, baƙar tawada da jan wasali, gara ta ci gefe ɗaya har ta taɓa rubutu. Ya ce: “Ɗana, na kakana na. Ɗiyana ba su iya karanta shi, ina tsoron in na mutu a ƙulla ƙosai da shi.” Hannuna na rawa na karɓa. Na gaya masa gaskiya cewa laburarenmu ba shi da wurin adana irin wannan, amma akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, akwai kuma masana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na raka shi da ƙafata. Shi kansa Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya nuna mana hanya: taskar littattafansa ba ta kasance a kulle ba, a wurinsa Murray Last da Jean Boyd suka sha abin da suka rubuta kan Daular Sakkwato da kan Asma'u. Littattafai nawa irin na tsohon nan ke kwance a ɗakunan unguwanninmu, Allah kaɗai ya sani, kuma ba katin gayyata ne zai fito da su ba.

Tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya mu. Naira ta faɗi, littafin waje ya gagara saye, kuɗin jaridu ya tsaya, taro ya koma na shekara-shekara, ranar littafi ta duniya 23 ga Afrilu ko ranar yaƙi da jahilci 8 ga Satumba, in an sami mai ɗaukar nauyi. Kujerun laburare suka koma hannun masu shirin jarrabawa, kowa da littafinsa daga gida, inuwa da fanka kawai yake nema. Ban taɓa raina su ba. Tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, matasan ma'aikatan da suka gaje mu sun sami sabon aiki mai amfani: zaunar da yaron da ya fito daga Kware ko Wurno, wanda bai taɓa sa yatsa kan kwamfuta ba, a nuna masa kafin ranar jarrabawa. Suna sanar da taronsu ta WhatsApp, suna haɗa kuɗin man janareto daga aljihunsu. Idan sun zo neman shawara nakan tambaye su ko sun gaida mai unguwa, ko Liman ya sani, ko an tanadi wurin mata da ruwan sha.

Na yi ritaya, keken ma ya daɗe da mutuwa, amma akwatin na nan. Idona ya yi rauni, don haka wata jikata ce ke karantawa yanzu, ni ina gefe ina gyara mata inda ta yi gaggawa. Alhamis ɗin da ta wuce yara goma sha ɗaya suka zo, da wani tela da ya ce tun yana ɗan shekara tara yake bina bashin ƙarshen wani labari. Na miƙa masa littafin, ya rubuta sunansa a tsohuwar rajista, ya ce sai Alhamis.