Maikobairos: ƙwayoyin cutar da ke kama funfuna

Maikobairos shi ne sunan da masana suka raɗa wa ƙwayoyin cutar bairos da ke rayuwa a cikin funfuna da yis da lemar kwaɗi. Galibinsu ba sa nuna wata alama, abin da ya sa aka daɗe ba a san da su ba.

Yadda aka gano su

A shekarar 1948 wata cuta ta ɓulla a wata gonar lemar kwaɗi, irin wadda ake ci, a jihar Pennsylvania ta Amurka, inda amfanin ya riƙa fitowa a tanƙware kuma yabanya ta ragu. Sai a 1962 masani Michael Hollings na Ingila ya hango ƙwayoyin bairos a jikin irin wannan lemar kwaɗi da madubin lantarki mai kambama ƙananan halittu. A yau ana gano sababbi ne ta hanyar karanta jerin sinadaran gadonsu da taimakon kwamfuta.

Yadda ake rarraba su

Wani kwamitin ƙasa da ƙasa mai suna ICTV, wanda aka kafa a 1966, shi ne ke sanya kowane bairos a danginsa. Babban ma'aunin shi ne sinadarin gado. Da yawa suna ɗauke da RNA mai zare biyu, kamar dangin Totiviridae da Partitiviridae, wasu kuma mai zare ɗaya, kamar Hypoviridae. A 2010 masu bincike a Sin suka bayyana na farko mai ɗauke da DNA.

Akasarinsu ba sa fita waje neman wanda za su kama. Suna yaɗuwa ne idan zaren funfuna biyu suka haɗe, ko kuma ta ƙwayoyin irin da funfunar ke watsawa.

Amfaninsu ga noma

Wasu daga cikinsu na raunana funfunar da ke kashe tsirrai. Funfunar da aka fara gani a New York a 1904 ta kusa ƙarar da bishiyar cesnat a gabashin Amurka. A Italiya kuwa, an lura a shekarun 1950 cewa bishiyoyin da suka kamu suna warkewa, daga baya aka gano wani bairos ne ya karya lagon funfunar. Har yanzu ana amfani da shi a Turai wajen kare wannan bishiya.