Yadda Muka Yi Ta Ƙoƙarin Sa Tunanin Kwamanda Cikin Kwamfuta

Daga matuƙan jiragen yaƙi aikinmu ya taso. A 1988 Mica Endsley, tana kamfanin Northrop a Amurka, ta raba sanin halin da ake ciki gida uku: ka ga abin da ke gabanka, ka gane ma'anarsa, ka hango inda ya dosa. A shekarar ce, ranar 3 ga Yuli, jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes ya harbo jirgin fasinjan Iran, mutum 290 suka halaka. Na'ura ta nuna jirgin yana ƙara hawa sama, amma mutanen ɗakin ba da umarni suka ce wa kyaftin gangarowa yake yi. Wannan ta'asa ce ta sa rundunar ruwan Amurka ta zuba kuɗi a binciken yanke shawara cikin matsi.

Manhajojinmu na farko sun ɗauki kwamanda tamkar akawu mai jera zaɓi yana auna su ɗaya bayan ɗaya. Gary Klein ya rushe wannan zato da ya zauna da shugabannin ƴan kwana-kwana a tsakiyar shekarun 1980. Gogagge ba ya jera komai. Yana ganin gobara sai ya tuna irinta, ya gwada dabarar farko a zuci, in bai ga cikas ba ya zartar. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan mai lura da tanderun siminti a masana'antar Malbaza ya ga haka: ido kan allo, ya rage wuta tun ƙararrawa ba ta yi ƙara ba, ka tambaye shi dalili ya ce kawai ya ga alama.

A 1997 manhajar TacAir-Soar ta tuƙa jiragen kwaikwayo sau sama da 700 a wani atisayen kwana biyu. Muka yi ta murna, alhali matuƙi ya fi sauƙin kwaikwayo, tunda ƙa'idojinsa a rubuce suke. Shi kwamanda da rahoton na ƙasa da shi yake gani.

Harin ƙauyen Tongo Tongo a Nijar ya nuna mana iyakarmu. Ranar 4 ga Oktoba 2017 aka kashe sojojin Amurka huɗu da abokan aikinsu na Nijar. Binciken Pentagon ya gano cewa takardar da aka fara aika wa manya ta ce sintiri da ganawa da shugabannin gari za a yi, alhali farautar wani jagoran ƴan bindiga aka fita. Har yau ba mu da manhajar da za ta gaya wa kwamanda cewa rahoton da ke hannunsa ba gaskiya ba ne.