Babi Na Uku: Karatun Aji da Bukukuwan Ɗalibai a Makarantun Elementare na Ƙasar Kano, 1909 zuwa 1976

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Turawa suka ci Kano a shekarar 1903, da irin mulkin da suka shimfiɗa ta hannun sarakuna. Shi kuwa wannan babi zai leƙa cikin aji ne, domin a ga abin da yaro ɗan elementare yake yi tun daga safe har zuwa tashi, da kuma ranakun da ake keɓe masa domin murna. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, makarantar boko ta ari abubuwa da dama daga makarantar allo wajen koyarwa ta yau da kullum, amma ta kasa aron abu guda, wato yadda ake mayar da ci gaban karatun yaro ya zama bikin iyayensa da unguwarsu. Wannan giɓi yana cikin dalilan da suka sa talakawa suka daɗe suna kallon elementare a matsayin makarantar hukuma.

3.1 Makarantar Allo a Matsayin Ma'auni

Ba za a fahimci yadda Bakano ya kalli ajin boko ba sai an san abin da ya saba da shi. Ƙididdigar da aka yi a zamanin Gwamna Lugga ta nuna akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, saboda haka Turawa sun tarar da jama'ar da ta riga ta san makaranta, ta san malami, ta kuma san bulala.

A makarantar allo yaro yakan fara da haddar Fatiha da ƙananan surori da ka, sannan a rubuta masa babbaƙu, wato haruffa ba wasali, daga nan ya shiga farfaru inda ake sa musu wasali. Bayan haka sai ya riƙa biya allonsa da ƙarfi har ya zauna, malam ya ba shi izinin wankewa, a rubuta masa na gaba. Babu aji, babu shekarar karatu. Kowane yaro da inda allonsa yake, kuma gudunsa ya danganta da ƙwaƙwalwarsa. Ana hutu daga yammacin Laraba, ranar da ake kai wa malam kuɗin Laraba, har zuwa bayan sallar Juma'a.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne yadda aka daddatsa wannan doguwar tafiya ta izu 60 da sadakoki. Idan yaro ya kai wasu sanannun wurare, alal misali Sabbi ko Amma ko Tabara ko Yasin, sai malam ya aika wa iyaye, su kuma su dafa abinci a kai makaranta almajirai su ci, a yi wa yaron addu'a. Abin da ake kaiwa ya bambanta daga gari zuwa gari da kuma ƙarfin gida: wani tuwo ne, wani waina, wani a yanka kaza, a manyan matakai kuma rago. Ta haka uwa da ke cikin kulle, wadda ba ta taɓa taka zauren malam ba, ta san daidai inda ɗanta ya kai, domin ita ce za ta hura wutar sadakar. Ƙarshen al'amarin shi ne sauka. A ranar ana yi wa allo zayyana da tawada mai launi, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, a sa wa yaro babbar riga da rawani, ya karanta a gaban malamai da dattawan unguwa. Mai hali yakan yanka sa. Daga nan yaron ya ɗauki allonsa ya zaga gidajen dangi ana yi masa barka da kyauta. Sau da yawa akan haɗa sauka da maganar aure, domin ana ganin mai sauka ya shiga sahun manya.

3.2 Yinin Ɗan Elementare

Makarantar boko ta gwamnati ta fara ne a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, a shekarar 1909, zamanin Sarki Abbas, a hannun Hanns Vischer wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa. Gidansa yana nan har yanzu da wannan suna. Dabarar Ɗan Hausa ita ce kada makaranta ta firgita mutane. Ya fara da koyar da malaman da suka riga suka yi karatun Arabiyya, ya gina azuzuwa da ƙasa, ya bar ɗalibai da tufafinsu na gida, ya kuma sa Hausa ta zama harshen koyarwa. Akwai sashen 'ya'yan sarakuna, da na malamai, da na sana'a, da na elementare. Daga baya aka rarraba makarantun zuwa larduna, kuma wajen shekarar 1930 aka daidaita tsarin ya zama shekara 4 a elementare, sannan wanda ya ci jarrabawa ya wuce midil. Elementare tana hannun En'e ne, ita ke biyan malamai, ita ke ba da kayan aiki. A shekarar 1930 ɗin ne kuma aka fara buɗe wa 'yan mata makaranta a Kano da Katsina.

Shigar yaro kanta ba abin murna ba ce a lokacin. Umarni kan fito daga hakimi zuwa dagaci cewa ana son yara kaza, dagaci kuma ya bi gida gida. Wasu iyaye sukan ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su gabas almajiranci, wasu manya kuma su ba da 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. Idan aka kwatanta da ranar da uba ke riƙo hannun ɗansa da kansa ya kai shi wurin malamin allo da goro, za a ga tun daga ƙofar shiga makarantun biyu suka rabu.

Da safe akan buga ƙararrawa, wadda a ƙauyuka da yawa guntun ƙarfe ce da aka rataya a bishiya. Yara su share fili, su yi layi, malam ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba farce da haƙora da kai, ko akwai mai ƙazuwa ko makero. Wanda bai yi wanka ba akan tura shi rijiya. Bayan ɗan motsa jiki sai a shiga aji a kira suna. 'Yan aji ɗaya a ƙasa suke zama bisa tabarma, kuma a kan rairayi suke fara koyon zana baƙaƙe da yatsa, kafin a ba su allon sileti, sai sun yi nisa ake ba su littafi da tawada. A nan ne kamannin makarantun biyu ya fi fitowa fili. Malam ya nuna baƙi da sanda a baƙin allo ya faɗa, yara su amsa baki ɗaya: ba, be, bi, bo, bu. Wannan kuwa kusan tafiyar babbaƙu da farfaru ce aka juya ta daga hagu zuwa dama. Haka kuma jadawalin sau, da waƙe shi ake yi har ya zauna, kamar yadda ake biya allo. Ba abin mamaki ba ne, tun da malaman farko da kansu 'yan makarantar allo ne, abin da suka sani shi suka kawo.

Lissafi yakan zo da sanyin safiya. Ana fara ƙirga da tsinkayen kara ko tsakuwa, sannan a kai ga lissafin kuɗi, wanda shi ne ya fi wahalar da yara, domin kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ga kuma sisi da taro da ɗari da anini a tsakani. Wannan wahala ba ta kau ba sai da naira da kwabo suka zo a shekarar 1973. Da misalin ƙarfe 9 akan tashi cin abinci, abin da ya sa har yau ake kiran wannan ɗan hutu tara, ana kuma kiran abin da ake ba yaro kuɗin tara ko da ba ƙarfe taran ake tashi ba. Bayan an dawo sai karatu da shifta da labarin ƙasa da tsafta, da darasin addini a hannun malamin Arabiyya. Akwai kuma aikin hannu, kamar saƙar tabarma da tukar igiya, da noma a gonar makaranta, wanda iyaye da yawa suka ɗauka ɓata lokaci ne, a cewarsu yaron da aka ɗauke daga gonar ubansa ba shi da bukatar a koya masa riƙon fartanya.

Ta fuskar littattafai, ajin farko ya yi fama da ƙarancin abin karantawa. Wannan ne ya sa aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta R. M. East a Zariya. Gasar da hukumar ta shirya a 1933 ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, sannan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930. Daga 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta riƙa isa makarantu. A ƙananan azuzuwa kuwa littattafan Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu su suka zama matakala. Ranar da aka karɓe wa yaro na farko aka miƙa masa na biyu ta yi kama ƙwarai da ranar da ɗan allo ya kai Sabbi. Bambancin kawai shi ne babu wanda ya aika gida a dafa komai.

3.3 Ranakun Biki

Babban bikin ɗan makaranta a zamanin Turawa shi ne Ranar Daular Birtaniya, wadda aka fi sani da Ranar Empaya, ranar 24 ga watan Mayu, wato ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya. Makonni kafin ranar akan rage karatu a koma koyon maci. Idan ta zo sai makarantu su hallara a fili, a ɗaga tutar Ingila, Razdan ko Di'o ya karanta saƙo, yara su wuce suna sara masa. Bayan haka a yi tsere da tsalle da jan igiya da tseren buhu, a raba kyaututtuka, a ci shinkafa da nama. Babu shakka yara sun ji daɗin wannan rana. Sai dai idan aka lura, ranar ba ta da dangantaka da inda karatun yaro ya kai. Mai ƙoƙari da daƙiƙi layi ɗaya suke bi, kuma wanda ake girmamawa yana can Ingila. An sauya wa ranar suna a 1958, bayan samun mulkin kai kuma ranar 1 ga Oktoba ta maye gurbinta, daga 1964 aka ƙara da Ranar Yara ta 27 ga Mayu. Tuta ta sauya, taken ƙasa ya sauya, mai karɓar gaisuwa ya sauya, amma macin yana nan yadda yake.

Bikin da ya shafi karatu kai tsaye shi ne ranar faɗin sakamako a ƙarshen shekara. Hedimasta yakan tara makaranta ya kira na ɗaya da na biyu da na uku na kowane aji, a tafa musu, a ba su sabulu ko fensir ko littafi, wanda ya zo na ƙarshe kuma ya sha tsiya wurin 'yan'uwansa har hanyar gida. Wani lokaci hakimi ko wakilinsa yakan halarta. Iyaye kuwa ba kasafai ake ganin su ba, kuma ko da an ba yaro takardar sakamako ya kai gida, galibi babu mai iya karanta ta sai shi kansa. Mafi girman mataki shi ne cin jarrabawar shiga midil, wadda a Kano ita ce ta zama Kwalejin Rumfa daga baya. Ga yaron, wannan ita ce ƙofar zama malamin En'e ko ma tafiya Kwalejin Katsina. Ga uwarsa kuwa, ma'anarsa ita ce za a ɗauke shi zuwa makarantar kwana a birni, don haka a gidaje da dama da kuka ake karɓar labarin. 'Yan mata ma ba su cika kaiwa wannan mataki ba, domin akan cire su a yi musu aure tun kafin su gama.

3.4 Islamiyya da Shirin Ilimin Bai Ɗaya

A shekarun 1950 aka tsawaita karatun firamare a Arewa ya zama shekara 7, huɗu a ƙaramar firamare, uku a babba. A daidai wannan lokaci ne Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa suka ƙarfafa kafa makarantun Islamiyya, waɗanda suka ɗauki aji da benci da rajista da jarrabawa daga boko, suka kuma riƙe Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci a matsayin ginshiƙin karatu. Su ne suka fara haɗa abubuwa biyun da suka daɗe a rabe, domin a cikinsu ne aka sami aji guda ya sauke tare, a rana ɗaya, a gaban iyaye.

Ita kuwa makarantar gwamnati wata hanya ta bi. Da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, an yi tsammanin yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. Aka mayar da firamare shekara 6, aka ɗauki malamai da gaggawa, aka riƙa karatu a gindin bishiya. Malamin da ke da yara fiye da yadda zai iya ƙirgawa ba shi da sukunin duba farcen kowa, balle ya san wanda ya gama littafi ya cancanci na gaba. Gonar makaranta da aikin hannu suka ja baya, haddar baki ɗaya kuwa ta ƙara ƙarfi, domin ita kaɗai ce dabarar da ba ta bukatar littafi ko benci.

A shekarun da suka biyo baya saukar Islamiyya ta bunƙasa a Kano har ta zama babban taro, da katin gayyata da rumfuna da kujeru da manyan baƙi, iyaye mata kuma su ne kan gaba wajen ɗinkin anko da girki. Yawancin ɗaliban waɗannan makarantu daga bugaggen Alƙur'ani suka yi karatunsu, wasunsu ba su taɓa wanke allo ba, amma duk da haka a ranar sauka sai an sayo wa kowannensu allo mai zayyana ya riƙe a gaban jama'a.