Takalmin Jirgin Ruwa da Aka Koyo Daga Tafin Kare

Paul Sperry, mutumin New Haven a jihar Connecticut ta Amurka, ma'abocin fita teku ne da jirginsa mai suna Sirocco. Wata rana santsin daɓen jirgin ya kwashe shi ya faɗa ruwa, da ƙyar ya sake hawa jirgin. Tun daga nan ya shiga neman takalmin da zai kama jiƙaƙƙen katako.

Amsar tana gidansa. Cikin hunturu ya lura karensa, Prince, na sheƙa gudu a kan ƙanƙara ba ya zamewa. Da ya ɗaga ƙafar karen sai ya ga tafin cike da 'yan tsage-tsage. Ya samo roba da wuƙa, ya dinga tsaga ta a karkace kamar ƙayar kifi. Idan an taka, tsagar kan buɗe ta kore ruwan da ke tsakanin takalmi da daɓe, roba ta samu wurin kamawa. A 1935 takalmin ya shiga kasuwa da sunan Top-Sider. Ƙasansa fari ne, kuma ba don ado ba: baƙar roba tana barin tabo a jirgi, abin da masu jirage ba sa yafewa.

A 1939 sojojin ruwan Amurka suka karɓe shi, daga baya Sperry ya sayar wa kamfanin U.S. Rubber harkar. Kamfanin Sebago na jihar Maine ya fito da nasa, Docksides, a 1970. Zuwa 1980, lokacin da littafin The Official Preppy Handbook ya fito, takalmin ya riga ya zama kayan ƙawa na ɗaliban manyan makarantun gabashin Amurka.

Yadda ake sa shi a watannin zafi, Yuni zuwa Agusta a can, gado ne daga teku. Ba a sa masa safa, domin jiƙaƙƙiyar safa wahala ce ga matuƙi. Akan haɗa shi da gajeren wando, ko dogo a naɗe ƙafarsa sama da idon sawu. Igiyar fata da ta zagaye bakinsa kuwa aiki take yi, ita ke ɗame dunduniya idan an ja ta. Da kwat da taye ba ya kyau ko kaɗan.

Mai saye ya juya takalmin ya lanƙwasa ƙasansa. In tsagar ba ta buɗe ba, kamanni kawai aka sayar masa.