Tarihin Kwamitocin PAC a Zaɓen Tarayyar Amurka

PAC kwamiti ne da ake kafawa a Amurka don tara kuɗi daga hannun jama'a a kashe su wajen ɗaga wani ɗan takara ko kayar da shi. Ƙungiyoyin ƙwadago da kamfanoni da ƙungiyoyin masu sana'a da masu kare wata aƙida duk suna da nasu. Hukumar Zaɓe ta Tarayya, FEC, ita ke yi musu rajista, ita kuma ke karɓar bayanin abin da ya shigo musu da abin da suka kashe. A yau da an ambaci PAC sai hankali ya tafi kan attajirai, alhali ma'aikata ne suka fara shi.

Tun 1907 Dokar Tillman ta hana kamfanoni ba 'yan takarar kujerun tarayya gudummawa daga asusunsu. Haramcin bai shafi ƙungiyoyin ƙwadago ba sai a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da yajin aikin masu haƙar kwal ya harzuƙa majalisa ta zartar da Dokar Smith-Connally. Shugaba Franklin Roosevelt ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta tara rinjayen kashi biyu cikin uku ta tabbatar da dokar ko da ba ya so. Cikin watan Yulin shekarar gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta CIO ta kafa kwamitin siyasa ƙarƙashin Sidney Hillman, shugaban ƙungiyar ma'aikatan ɗinki. Dabararsu ita ce, tunda an hana taɓa asusun ƙungiya a babban zaɓe, to kowane ma'aikaci ya ciro dala guda daga aljihunsa da yardar kansa. Ban da tara kuɗi, kwamitin ya bi unguwannin ma'aikata yana sa mutane yin rajistar zaɓe, yana raba ƙasidu. Ƙarfinsa ya kai ga 'yan jam'iyyar Republican suka riƙa yi wa Roosevelt gori a kamfen ɗin 1944 cewa ko mataimaki ba ya iya ɗauka sai da amincewar Hillman. Gorin bai hana shi cin zaɓe karo na huɗu ba.

Dokar Taft-Hartley ta 1947 ta mayar da haramcin na dindindin, ta haɗa har da zaɓen fid da gwani. Wannan ya ƙara tura ƙungiyoyin ƙwadago ga hanyar da Hillman ya share, kuma bayan haɗewar CIO da takwararta AFL a 1955 suka kafa kwamitin COPE. Likitoci sun bi sahu da AMPAC a 1961, 'yan kasuwa da BIPAC a 1963.

Bunƙasar gaske ta zo ne daga dokar da aka yi don taka wa kuɗi birki. Bayan abin kunyar Watergate, wanda ya tona yadda kamfanoni suka riƙa zuba wa kamfen ɗin Richard Nixon kuɗin ɓoye, majalisa ta gyara dokar kamfen ta 1971 a shekarar 1974, ta kuma kafa FEC. Aka ce mutum ɗaya ba zai ba ɗan takara fiye da dala 1,000 a kowane zaɓe ba, amma kwamitin da ya cika sharuɗɗa yana iya ba da 5,000. Wanda aka rage wa hannu shi kaɗai kuma aka ce idan ya shiga taro zai iya ba da ninki biyar, ai ba sai an nuna masa hanya ba. A 1975 FEC ta amince wa kamfanin mai na Sun Oil ya yi amfani da kuɗinsa wajen gudanar da kwamiti da neman gudummawa daga ma'aikata da masu hannun jari. Kwamitocin da ba su wuce 608 ba a ƙarshen 1974 sun haura 4,000 a 1984.

Kotun Ƙoli ta buɗe wata ƙofar a 1976, a shari'ar Buckley da Valeo. Ta yarda a ƙayyade abin da ake miƙa wa ɗan takara hannu da hannu, amma ta ce kuɗin da mutum ya kashe don kansa wajen tallata ra'ayinsa yana cikin 'yancin faɗar albarkacin baki. Kwamitin masu ra'ayin riƙau na NCPAC ya yi amfani da wannan a 1980, ya cika rediyo da talabijin da tallar suka a kan sanatocin Democrat, daga ciki har da George McGovern da Frank Church da Birch Bayh da John Culver. Dukansu huɗun sun faɗi, ko da yake guguwar Ronald Reagan ma ta yi nata aikin a shekarar. A ɗaya ɓangaren Ellen Malcolm ta kafa EMILY's List a 1985 don matan Democrat masu takara, tana tattara ƙananan cek daga magoya baya ta kai wa 'yar takara a dunƙule.

Batun tasiri shi ne aka fi jayayya a kai. Kwamitocin kamfanoni sun fi ba wanda ke kan kujera, ko daga wace jam'iyya yake, musamman mai zama a kwamitin majalisa da ke kula da harkarsu. Tony Coelho, wanda ya jagoranci tara wa 'yan Democrat na Majalisar Wakilai kuɗi a shekarun 1980, ya fito fili yana tuna wa 'yan kasuwa cewa jam'iyyarsa ce ke da rinjaye. Dala 5,000 ba ta isa sayen ƙuri'ar ɗan majalisa ba, kuma masu bincike sun sha wahalar nuna cewa ana yin hakan kai tsaye. Abin da take saye shi ne a ɗaga wayarka, a ba ka kujera lokacin da ake rubuta ƙananan sassan doka waɗanda jarida ba ta waiwaya.

A watan Janairun 2010, a shari'ar Citizens United, alƙalan Kotun Ƙoli biyar cikin tara suka ce kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago na iya kashe ko nawa ne a kan zaɓe muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba. Bayan wata biyu kotun ɗaukaka ƙara ta Washington, a shari'ar SpeechNow, ta cire iyaka kan abin da ake ba kwamitin da aikinsa ke nan kawai. Daga nan aka samu Super PAC. A takarda ba ya tuntuɓar ɗan takara. A aikace sau da yawa tsofaffin hadimansa ne ke jan ragamarsa. FEC kuwa, mai kujerun kwamishinoni shida da ba a yarda fiye da uku su fito daga jam'iyya ɗaya ba, ta sha rabuwa uku da uku, magana ta mutu.

Tarin kuɗin ba ya lamunce nasara. Kwamitin Right to Rise ya tara wa Jeb Bush sama da dala miliyan 100, amma Bush ya janye daga takarar shugaban ƙasa a Fabrairun 2016 bai ci jiha ko ɗaya ba. A 2024 Elon Musk ya zuba fiye da dala miliyan 200 a America PAC don Donald Trump, har kwamitin ya ɗauki nauyin bin gida-gida neman ƙuri'a, aikin da a da jam'iyya da ofishin kamfen ne ke yi. Iyakar dala 5,000 ta tsoffin kwamitoci kuwa tana nan yadda aka sa ta a 1974, ba a taɓa ɗaga ta ba.