BABI NA UKU: TARIHIN DANDAMALIN KAN BISHIYA DA ƊAMARAR KARIYA A FARAUTAR BAREWA A AMURKA

3.1 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin yadda hatsarin farautar barewa a ƙasar Amurka ya tashi daga bakin bindiga ya koma kan bishiya, da kuma matakan da aka bi wajen magance shi. Abin da ake nufi da dandamali a nan shi ne ɗan mazauni na ƙarfe ko katako da maharbi ke ɗaurawa a jikin bishiya, kimanin mita 5 zuwa 6 daga ƙasa, domin ya yi dakon barewa ba tare da ta gan shi ko ta sansano shi ba.

3.2 Asalin Matsalar

A wajajen shekarar 1900, an ƙiyasta cewa barewa mai farar wutsiya da ta rage a Amurka ba ta wuce rabin miliyan ba, saboda yawan farauta da saran daji. Dokokin kare namun daji, musamman dokar 1937 wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai domin raya dabbobin dawa, sun sa yawanta ya haura zuwa kimanin miliyan 30. Da barewa ta yawaita, sai maharba ma suka yawaita.

Da farko hankalin hukumomi yana kan bindiga ne, shi ya sa a 1949 jihar Niyok ta wajabta wa sababbin maharba ɗaukar horo kafin a ba su lasisi. To amma daga ƙarshen shekarun 1960, kamfanin Baker na jihar Jojiya ya yaɗa wani dandamali wanda maharbi ke hawa da shi kansa, yana ɗaga shi sannu a hankali a jikin bishiya. Wannan ya sauƙaƙa hawa, sai dai ya zo da nasa hatsarin, domin yakan zame daga jikin itacen.

3.3 Bayyanar Girman Hatsarin

A 1989, Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto kan jihar Jojiya. Daga 1979 zuwa 1989, an sami rauni 594 a farautar barewa, 214 daga ciki sun shafi dandamali, kuma mutum 17 daga cikin waɗannan sun rasu. Haka kuma, wani bincike da likitoci suka yi a jihar Ohayo, wanda aka buga a 2010, ya nuna rabin maharban da aka kwantar faɗowa suka yi, alhali waɗanda harsashi ya sama ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Irin wannan faɗowa takan jawo karayar ƙashin baya da shanyewar jiki.

3.4 Matakan Kariya

Za a iya kasa tarihin kariyar gida uku. Matakin farko shi ne ɗamarar ƙugu. Illarta ita ce idan mutum ya faɗo takan matse ciki ko ƙirji ta hana numfashi, ko ta juya shi kai ƙasa. A kan irin wannan dalili ne hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta hana dogaro da ita wajen tare faɗuwa a aikin gini daga 1998.

Mataki na biyu shi ne ɗamarar dukkan jiki, wadda ke raba nauyi tsakanin cinyoyi da ƙirji da kafaɗu. Ƙungiyar masu ƙera dandamali, wadda aka kafa a 1995, ta sa membobinta haɗa irin wannan ɗamara da kowane dandamali daga 2004. Duk da haka, wanda ya daɗe yana reto a cikinta jini kan taru a ƙafafunsa har ya suma, don haka aka ƙara mata wani maɗauri da zai taka ya rage matsin.

Mataki na uku shi ne igiyar tsira. An lura cewa maharba da yawa wajen hawa ko sauka suke faɗowa, lokacin da ba su ɗaure da komai. Saboda haka aka fara ɗaura igiya daga saman bishiya zuwa gindinta, maharbi ya maƙala ɗamararsa da ƙullin da Karl Prusik, mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Ostiriya, ya fito da shi a 1931. Ƙullin yana zamewa idan an tura shi da hannu, amma yana cijewa da zarar nauyi ya faɗa masa.

3.5 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa kowane mataki ya samu ne domin toshe kafar da na bayansa ya bari, kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin a ɗauke shi. Bahaushe na cewa rigakafi ya fi magani. Sai dai ɗamarar da aka bari a mota ba ta ceton kowa. Wannan ne ya sa babi na gaba zai dubi dalilan da ke hana wasu maharba ɗaura ta.