Asalin Baje Kolin Kimiyya na 'Yan Makaranta

Duk wanda ya taɓa shiga zauren makaranta ranar da ɗalibai suka jera tebura, kowa yana tsaye gefen abin da ya ƙera ko ya gwada, yana dakon alƙalai su iso gare shi da tambayoyinsu, zai iya zaton wannan al'ada tare da makarantar boko aka haife ta, alhali kuwa shekarunta ba su wuce ɗari ba, kuma an san garin da ta tsiro, an san mutanen da suka rene ta, an kuma san sauye-sauyen da ta yi kafin ta kai ga surar da muke gani yau.

A birnin Niyok na ƙasar Amurka akwai wata tsohuwar ƙungiya mai suna American Institute, wadda aka kafa cikin 1828 domin ƙarfafa noma da sana'o'i da masana'antu. Shekara da shekaru takan shirya baje koli, inda manoma da maƙera da masu ƙirƙiro injuna suke kawo abin da hannunsu ya yi, a duba, a ba wanda ya cancanta lambar yabo. Da ta cika shekara ɗari, manyan kamfanoni kuma sun riga sun karɓe fagen da a da take riƙe da shi, sai ta juya fuskarta ga yara. Cikin 1928 ta shirya baje koli na farko na 'yan makaranta a babban gidan adana tarihin halittu na birnin, kuma galibin abin da aka nuna a wannan karo ya shafi tsirrai da dabbobi da lambun makaranta da kiyaye albarkatun ƙasa. Wato yaro ya tattara, ya jera, ya rubuta suna, jama'a su zo su gani. Sau da yawa ma aikin na aji ne gaba ɗaya ko na ƙungiyar ɗalibai, ba a ware mutum guda a ce shi ne gwani.

Wannan abu bai faɗo daga sama ba, domin tun kafin nan malaman tarbiyya na ƙasar sun daɗe suna muhawara a kan yadda ya kamata yaro ya koyi ilmi. Shaihin malami John Dewey ya tsaya a kan cewa tunani yakan fara ne daga mas'alar da ta tsaya wa mutum a rai, abokin aikinsa William Kilpatrick kuma ya wallafa wata maƙala cikin 1918 yana kira da a gina karatu bisa aikin da ɗalibi ya ƙudura da niyyarsa ya kuma kai shi ƙarshe da kansa. Daga cikin waɗanda suka sha a wannan rijiya har da wani malamin kimiyya na makarantun Niyok, Morris Meister, wanda ya lura cewa abin da yara ke koya bayan an tashi daga makaranta, suna wasa da batir da waya da madubi, yakan zauna musu fiye da abin da aka dora musu a allo. Shi ne ya tsaya wa kafa ƙungiyoyin kimiyya na ɗalibai da shirya bajen kolinsu, daga baya kuma, cikin 1938, ya zama shugaban farko na makarantar sakandaren kimiyya ta unguwar Bronx. Maƙasudin mutanen wannan zamani, kamar yadda masanin tarihi Sevan Terzian ya bayyana a littafinsa kan wannan bahasi, shi ne a tarbiyyantar da ɗan ƙasa wanda ba ya karɓar magana sai da hujja, ko da kuwa zai ƙare rayuwarsa yana tela ko direba.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya sauya alƙiblar. Akwai wata ƙungiya mai suna Science Service, wadda attajirin jaridu E. W. Scripps da masanin halittu William Ritter suka kafa cikin 1921 domin isar da labarin kimiyya ga jama'a. Cikin 1941 ragamar ƙungiyoyin ɗalibai na ƙasa baki ɗaya ta koma hannunta, cikin 1942 kuma ta haɗa kai da kamfanin lantarki na Westinghouse suka buɗe gasar zaƙulo masu hazaƙa, inda akan tace ɗalibai har a fitar da 40, a kai su Washinton, a ba su tallafin karatu. Maudu'in da aka ba masu gasar farko su rubuta a kai shi ne yadda kimiyya za ta taimaka a ci yaƙi, wannan kaɗai kuwa ya isa ya nuna abin da ake nema: ƙasa tana bukatar injiniyoyi da masana, tana kuma son ta gano su tun suna ƙanana. Ba za a ce gasar ba ta yi abin da aka kafa ta dominsa ba, tun da daga cikin waɗanda suka ratsa ta akwai Leon Cooper da Sheldon Glashow, dukansu ɗaliban makarantar nan ta Meister, waɗanda daga baya suka sami kyautar Nobel a ilmin fiziya. Amma an biya farashi, domin yaron da ba zai zama gwani ba, wanda shi ne aka fara abin saboda shi, ya koma ɗan kallo.

Daga nan abu ya yi ta bunƙasa. Cikin 1950 aka yi baje kolin ƙasa na farko a Filadelfiya da ɗalibai 30. Da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik ranar 4 ga Oktoba 1957, hankalin Amurkawa ya tashi, majalisarsu ta zartar da doka cikin 1958 ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi, a shekarar nan kuma ɗalibai daga Japan da Kanada da Jamus suka shiga baje kolin ƙasar. Wani limamin Kirista ɗan ƙasar Ailan mai koyar da fiziya, Tom Burke, da tsohon ɗalibinsa Tony Scott, sun ga irin wannan baje koli a jihar New Mexico, suka koma gida suka buɗe nasu a Dublin cikin 1965, shekarar da Henri Nannen, editan mujallar Stern, ya buɗe na Jamus. Yau taron da ya fara da mutum 30 yana tara ɗalibai fiye da 1,500 daga ƙasashe sama da 60.

To, amma a ganina fa'idar da ta fi kowace girma cikin wannan tarihi ba a zauren nuni take ba, tana cikin watannin da ke gabatar ranar nunin. Da gasa ta yi tsanani, sai alƙalai suka daina wadatuwa da kyan abin da aka jera, suka koma tambayar ɗalibi: mece ce mas'alarka, me ka yi zato kafin ka fara, da me ka gwada, sau nawa ka maimaita, ina ka rubuta? Daga nan kundin aiki ya zama rukuni, wato littafin da ɗalibi ke rubuta abin da ya yi da abin da ya gani kowace rana, da kwanan wata, da tawada, ba ya goge kuskure sai dai ya ja masa layi. Matsayin wannan kundi a wurin alƙali kamar matsayin isnadi ne a wurin malamin hadisi: komai daɗin matanin, ba a karɓarsa sai an san hanyar da ya biyo. Sharuɗɗa kuma suka yi ta ƙaruwa, wasunsu bayan an ga ɓarna. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 an yi ta kuka a kan yaran da ke azabtar da tsuntsaye da ɓeraye da sunan gwaji, har aka ɗaure al'amarin da dokoki. Yanzu a babban taron na duniya, duk binciken da ya taɓa ɗan'adam ko dabba mai ƙashin baya, tilas kwamiti ya amince da tsarinsa tun kafin a fara, aikin kada ya wuce na wata 12, taƙaitaccen bayaninsa kuma kada ya wuce kalma 250.

Bari mu kawo abin kusa. A ce ɗaliba ta ji labarin tukunya cikin tukunya, dabarar nan ta sanyaya kayan miya da Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya sami kyautar Rolex cikin 2000. In ta sayo tukwane biyu, ta zuba jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye bisa tebur, ta nuna fasahar wani ke nan, irin nunin 1928. Amma in ta tambayi kanta ko yashin ne ke sanyayawa ko ruwan da ke tashi daga jikinsa, sai ta tanadi tukwane iri ɗaya daga hannun maginiya ɗaya, ta sa wa ɗaya jiƙaƙƙen yashi, ɗaya busasshe, ta bar wani kason tumatir a kwando, duk daga ɗiba ɗaya, ta riƙa saka ma'aunin zafi da asuba da azahar da magariba har mako biyu tana rubutawa, har da ranar da ta manta ba ta ƙara ruwa ba, to ta shiga sahun masu tahƙiƙi. In kuma ta sake gwajin da damina ta ga sanyin ya ragu, ta gano da kanta cewa dabarar busasshiyar iska take so, ta mallaki ilmin da ba wanda zai ƙwace mata. Duk kuɗin wannan aiki bai kai na takalmin makaranta ba.

Wajibi ne kuma a faɗi aibin da ya biyo gasar, domin su kansu Amurkawa sun daɗe suna ambatonsa. Ɗan da mahaifinsa ke da hanyar shiga ɗakin gwaje-gwaje na jami'a yakan zo da abin da ɗan talaka ba zai iya kusanta ba, sau da yawa kuma hannun babba yakan bayyana a aikin da aka ce na yaro ne. A ɗaya gefen ga dutse mai aman wuta na takarda, da ake zuba wa garin soda da ruwan tsami ya yi kumfa, wanda ake maimaitawa shekara bayan shekara ba tare da ya amsa wata tambaya ba.

Mu ma al'adar ta iso mu, ta hanyar ƙungiyoyin kimiyya na JETS da ke makarantun sakandaren Nijeriya da gasannin da ake yi daga jiha zuwa ƙasa, kuma duka aibin biyu sun biyo ta. Saboda haka ina kira ga malaman kimiyya da waɗanda akan naɗa alƙalanci: ku fara shiri da ɗalibanku tun farkon zangon karatu, ku bar yaro ya zaɓi mas'alarsa daga gona ko rijiya ko madafar gidansu, ku ba shi littafi tun ranar farko, in ranar nuni ta zo kuma ku buɗe littafin nan ku karanta kafin ku dubi abin da ke bisa tebur.